Gudun da Ba Ya Hana Gaisuwa

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi tseren mil biyar a Ƙaura Namoda ba. Lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina sabon malamin wasanni a wata firamare a Zurmi. Aikina shi ne in tsaya a inuwar bishiyar bedi da usur a baki, yara na zagaya fili, duk wanda ya zauna in daka masa tsawa: "Rago, tashi!" (Ni kuwa rabona da gudu tun ranar da kare ya biyo ni ina ɗan aji uku.)

Da aka ce za a yi tseren ma'aikatan makarantun Zurmi, Shinkafi da Ƙaura, sai na bugi ƙirji gaban 'yan ajina na ce kofi ya zo gida. Mai gadinmu, Baba Ige, shi ma ya ba da sunansa. Tsoho ne siriri mai furfura, wanda a ƙuruciyarsa yake ɗauko jakar wasiƙu daga tashar jirgin Ƙaura ya kawo Zurmi a ƙafa. Dariya na yi masa, Allah Ya yafe mini.

Na sayi kambas fari fat na ɓoye a akwati kamar kayan Sallah, ko gwadawa ban yi ba don kada ya yi datti. Da safen tseren Baba Ige ya dubi ƙafata, ya dubi nasa takalmin tayar mota.

"Malam, takalmin ga bai san ƙahwarka ba. Kuma ka tahi sannu. In anka gaishe ka ba ka iya amsawa, to gudun ya hi ƙarhinka."

Na ce, "Baba, mu a kwaleji muka karanta wannan."

Ana busa usur na fice kamar an harbo ni. Mil na farko ni ne gaba, har ina ɗaga wa mutane hannu. A na biyu kambas ya fara cin dunduniyata. A na uku ƙirjina ya ɗauki wuta, 'yan Shinkafi suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Daidai kwanar kasuwar hatsi, inda aka jera yaranmu su yi mana tafi, ƙafafuna suka ce sun gama. Na zube zaune a kan buhun geron wani bawan Allah, ina haki, harshe waje.

Sai wata yarinya a layin gaba ta ce, "Rago, tashi!" Sauran suka ɗauka baki ɗaya, har da tafi. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Can sai ga Baba Ige tafe da ɗan gudunsa na sassarfa, yana gaida mutane: "Ina kwana Alhaji, ya iyali?" Ko numfashinsa bai sauya ba. Mutum biyu kawai suka rage gabansa, kuma kowa na ganin sun gaji, kofin nan nasa ne. Amma ya tsaya. Ya durƙusa ya kwance mini kambas, ya ɗaure igiyoyin ya rataya mini a wuya.

"Tashi, Malam. Ɗiyan ga na kallo. In ka zamna nan, gobe mi za ka ce musu?"

Haka muka ƙarasa, ni ba takalmi, shi yana gefena yana ja na da hira don in riƙa amsawa. Mu ne na ƙarshe. A bakin layin gama tsere ma ya ja baya ya bar ni na riga shi.

Washegari na ajiye usur na shiga cikin yara muka zagaya fili tare, Baba Ige na gaba. Yanzu duk mai son fara gudu nakan ce masa ya fara, ba a tsufa da shi, amma ya tafi a hankali, ya saba da takalminsa tun kafin ranar. Kalmar "rago" kuwa ban sake faɗa wa kowa ba, tunda na san wanda ta fi dacewa da shi.