Ranar da Ilu Ya Ja Ni da Igiyar Shanu

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka ɗauko amarya daga Rogo zuwa Karaye ba. Har yau in na ji ƙaurin baƙin mai, sai kunya ta dawo min sabuwa fil.

A shekarun nan na casa'in ina jigilar fasinja tsakanin garuruwan biyu da wata tsohuwar mota. Taubashina Ilu kuma yana jan akori-kura. Kun dai san taubasai, ba ma haɗuwa mu rabu lafiya. Musunmu kullum ɗaya ne: bulon injin wa ya fi ƙarfi, wato gangar jikin injin da komai ke zaune a cikinta. Nasa na baƙin ƙarfe ne, nauyi kamar dutsen niƙa. Nawa na alminiyam ne, daga Kano na sayo shi, kuma yadda na zaɓe shi ma abin a ba da labari ne. Sifana na ɗauka na bi duk bulon da ke shagon ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa ina kasa kunne, yadda innata ke gwada tukunyar ƙasa a kasuwa. Wanda ya fi zaƙin amo na ce a ɗaure min. (Mai kayan ya ce tunda yake bai taɓa ganin gwani irina ba. Ni kuwa na yarda.)

Ban tsaya nan ba. Na samo turbo, abin nan mai kama da dodon-koɗi da ke ɗura wa inji iska har ƙarfinsa ya ninku. Daga jikin wata babbar mota da ta faɗi aka ciro shi, na sa aka liƙa wa tawa. Ilu ya leƙa ya ce, "Bawana, ka ɗora wa ɗan akuya kayan raƙumi." Na ce masa hassada ga mai rabo taki ce.

To ga inda gizo ke saƙar. Ina neman auren Binta, ƙanwar amaryar, kuma wuƙa da nama suna hannun Gwaggo Asabe wadda ta riƙe ta. Gwaggo ta sha faɗa cewa ba za ta ba direba 'ya ba, wai ba mu da natsuwa. Shi ya sa na nace a motata za a ɗauki amarya, don ta ga natsuwa da idonta.

Muka taso bayan azahar. Amarya a baya ta lulluɓe tana kuka, Gwaggo a damanta, Binta a hagunta. Ina tafiya a hankali kamar na ɗauko ƙwai, har Gwaggo ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan." Wallahi da a nan labarin ya ƙare da na ji daɗi.

Sai ga Ilu da kayan ɗaki da 'yan rakiya maƙil a bayan akori-kura. Ya zo daidai tagata ya danna ham, ya zuro kai ya ce, "Gwangwani, ba ni hanya!" Matan suka sa guɗa. Na kalli madubi, na ga Binta tana danne dariya.

Shi ke nan, natsuwa ta fita ta taga. Na take totur har ƙasa. Turbo ya yi wani fito, mota ta zabura, na wuce Ilu kamar yana tsaye. Gwaggo tana salati tana dukan ƙeyata, ni ko a jikina. Can sai na ji "ƙwas!" Hayaƙi ya turnuƙe, mota ta yi shiru. Da na buɗe bonet, wani ƙarfe ya huda bulon ya leƙo waje, baƙin mai yana tsiyaya a ƙasa.

Da Ilu ya iso, na ce a mayar da amarya gaban motarsa. Gwaggo ta ce atafau, a gidansu ba a sauya wa amarya mota a hanya, auren ba ya zama. A wadda ta shiga, a ita za ta sauka.

Ilu ya aro igiyar shanu wurin wasu makiyaya, ya tsaya yana kaɗa ta. "Zan ja ka, bawana. Amma sai ka faɗa da bakinka."

Na yi ƙasa da murya na ce, "Ƙarfe ya fi."

"Gwaggo, kin ji?"

"Ban ji ba," in ji Gwaggo.

Jama'a, na ɗaga murya a gaban yarinyar da nake so na ce ƙarfe ya fi gwangwani. Haka muka shiga Karaye, Ilu na gaba yana ham, ni a baya riƙe da sitiyari, fuska duk baƙin mai. Ga hanya miƙaƙƙiya, amma sai da ya zagaya da ni ta bakin tasha.

Washegari na je na tsuguna gaban Gwaggo don ban haƙuri, na riga na cire rai da Binta. Ta kalle ni ta ce, "Hankali dai ba ka da shi. Amma wanda ya sha wannan kunyar bai bar gari ba, zai iya zaman aure. Ka turo manyanka. Sai dai ranar kai Binta, Ilu ne zai ɗauke ta."

Haka kuwa aka yi, kuma sai da na roƙe shi. Abin da na koya shi ne, in za ka gwada ƙarfin injinka, fara dubawa ko surukarka na kujerar baya.