Da Harami a Hanyar Turawa

Ba zan taɓa mantawa ba da hutun zafin da na gama karatu a Makka, lokacin da na ɗauki matata Sa'adatu a mota muka tafi ziyara. Tun da na kawo ta daga Kano, duniyarta ba ta wuce ɗakinmu na unguwar Rusaifa da Harami ba. Sai na yi mata alkawari: kafin mu tattara mu koma gida, za ta ga Badar da Uhudu da Ɗa'ifa, mu rufe da umara daga miƙati. Wannan umarar ita ce ta bankwana, don washegarinta jirginmu zai tashi.

Motar ta kawunta ce, wani dattijo da ya tsufa a unguwar Utaibiyya ta Makka. Da zai ba ni makulli sai da ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ya waladi, karatu daban, hanya daban. Ka buɗe taswirar jawwal ɗinka, khalas, ka huta."

Na ce, "Kawu, ni da nake koya wa alhazai iyakokin Harami?" (A littafi nake koya musu, a zaune a kan darduma. Wannan ban faɗa masa ba.) Nan take na ƙudurta a raina ba zan buɗe taswirar waya ba har mu dawo, ko da sama za ta haɗu da ƙasa.

Kuma da farko abin ya yi kyau. A Badar na tsaya cikin rana ina yi mata bayanin inda kowace runduna ta tsaya, har takalmina ya fara kama ƙasa. A Uhudu ta yi kuka, ni ma na share ido a ɓoye. A Ɗa'ifa muka sha iska mai sanyi, muka ci inabi da rumman, birai suka zagaye motar a kan dutsen Hada, ɗaya ya fizge ledar burodi daga hannuna. Na'urar sanyin motar ta mutu tun a hanyar Madina, amma ban karaya ba. Duk inda muka sauka sai na ce, "Kin gani ko? Ina taswirar?" Ita kuma ta ce, "Na gani, Malam."

Ranar ƙarshe muka yi wanka a miƙatin da ke saman Hada, na ɗaura fararen mayafaina biyu, muka yi niyya. Muka gangaro dutsen nan mai lanƙwasa kamar igiya, tagogi a buɗe, ina ta labbaika da ƙarfi. Da muka sauko ƙasa sai hanya ta rabu biyu, da wani ƙaton jan allo a sama. Daidai nan nake ƙoƙarin wuce wata tirela, zuciyata kuma ta riga ta isa Ka'aba.

Sa'adatu ta ce, "Malam, kamar dai allon can ya ce..."

Na ɗaga mata hannu. "Sa'adatu, muna cikin harami. Babu gardama, babu jayayya. Ki yi talbiyya."

Ta dube ni, ta gyara hijabi, ta ce, "To." Ta ci gaba da talbiyyarta a hankali.

Muka yi ta tafiya. Babu motar 'yan umara ko ɗaya, sai tireloli da hamada. Motocin da ke wuce mu kuwa duk baƙi ne a ciki, Turawa da 'yan Filifin, kowa sai ya rage gudu ya leƙo ni. Wallahi a raina cewa na yi sha'awar addini ce ta kama su, sai na ƙara ɗaga murya don su amfana. Ya kamata a ce mun hango filin Arfa tuntuni, amma na ce wa kaina wata sabuwar hanya ce aka buɗe. Azahar ta yi, ta wuce. Na san idan umarar nan ta kuɓuce mata yau, ban san shekarar da za ta sake ganin Ka'aba ba. Duk da haka ban taɓa wayar ba.

Mai ne ya tsayar da ni. A gidan man, wani Bature mai gajeren wando da malafa ya fito daga motarsa, matarsa na biye da shi. Ya daɗe yana kallon haramina, sannan ya matso cikin ladabi, ya yi min sallama da gurguwar Larabci.

"Hajji, ina zuwa?"

Na gyara mayafi a kafaɗa na ce, "Makka, in sha Allahu."

Ya kalli matarsa, ta rufe baki da hannu. Ya ce a Jidda yake aiki, su ma daga yawon Ɗa'ifa suke. Sannan ya nuna kwaltar da na biyo.

"Wannan hanyar tamu ce, Hajji. Don mu aka yi ta, saboda kada mu shiga Makka."

Jama'a, ashe hanyar da aka ware wa waɗanda ba Musulmi ba na ɗauka, wadda ke kewaye garin ta baya, wadda mutanen Makka ke kira hanyar Turawa. Ni, mai sabuwar shahadar Shari'a, da harami a jikina, na yi ta zabga labbaika ina guje wa Makka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi mai harami ko kansa ba ya rufewa, balle in ɓuya cikin mayafin.

Na juya na ce, "Sa'adatu, kin sani?"

"Tun daga allon nan ja."

"Kika yi shiru?"

"Malam, muna cikin harami," ta ce, idonta a ƙasa, kafaɗunta na rawa.

Baturen nan ya ji tausayina. Ya ce komawa baya ta yi nisa, in biyo shi har mahaɗar hanyar Jidda. "Inda na juya, kai kada ka bi ni." Haka na bi bayan mutumin da bai taɓa taka Makka ba, shi ne jagorana zuwa Makka. Labbaikar tawa ta koma raɗa. A mahaɗa ya fito da hannu ta taga, ya nuna min dama, ya yi hagu.

Mun shiga Harami bayan la'asar. Da Sa'adatu ta ga Ka'aba ta fashe da kuka, ta riƙe gefen haramina har muka gama ɗawafi. Sai a Marwa, ina fitowa daga wurin aski, ta ce, "Malam, yanzu an sauke harami ko?" Na ce an sauke. Ta zauna a kan dakali ta yi dariya har da hawaye. Kafin magariba Kawu ya ji, kafin mu sauka Kano 'yan'uwanta duk sun ji.

Yanzu duk shekara ni ake kira in yi wa maniyyata bita a unguwarmu. Nakan yi musu bayanin hukunci dalla-dalla, nakan kuma ƙara da cewa hana gardama a cikin harami ba hana mata magana ba ne. Idan wani ya tambayi hanya kuwa, sai in ce ya jira a kira Hajiya Sa'adatu daga cikin gida.