Gudun Safe a Ƙasar Ƙanƙara

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ofishinmu ya tura ni kwas Rasha. Wata safiya, ƙanƙara ta rufe gari, na saka gajeren wando zan fita gudun motsa jiki. Mai gadin otal ya tare ƙofa yana girgiza kai. Na daki ƙirji na ce masa da Turanci, "Ni Bakatsine ne, mun san sanyi."

Ban yi nisa ba ƙafafuna suka sandare, na zube bakin titi. A asibiti na farka, an cire mini yatsun ƙafa biyu.

Har yau in na ɗingiso Ƙofar Marusa, Malam Sada mai shayi sai ya ce, "Yallaɓai ɗan tsere, a sa maka ƙanƙara a shayin?"