'Ya'yana Uku na Hanyar Kurfi

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na miƙe a majami'a na furta zunubina ba, duk da na yi shekaru ina roƙon Allah ya mantar da ni.

Da kaka ne, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, mu masu bi, wato Kirista, 'yan gidaje kaɗan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi. Ina ɗan shekara ashirin, ina ajin shirin baftisma. Saura mako biyu a kai mu kogin Karaduwa (wajen da ruwan madatsar Zobe ya shanye daga baya), a nutsar da tsohon mutum, sabo ya fito. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan fitowar. To, in ban da Saratu.

Saratu 'yar Baba Dogo ce, dattijon ikilisiya, ita ke ba da waƙa a ɓangaren mata. Ko sannu ban taɓa ce mata ba. Amma a zuci, ai mun yi nisa. In na ɗora wa jaki gyaɗa za ni kasuwar Kurfi, tun daga bakin gari take fitowa ta jera da ni, dawa tana kaɗawa dama da hagu, muryarta tana tafe a hankali cikin iska. Na gina mata ɗaki, na dasa mata lemun tsami a ƙofa. Mun haifi 'ya'ya uku, duk na raɗa musu suna. Har faɗa mun taɓa yi a kan gishirin miya, na ba ta haƙuri a gindin wata tsamiya. (Jakin ne kaɗai shaida. Wata rana ya shige da ni gonar mutane, sai da mai gona ya yi magana na farga.)

Ana nan sai Malam Ishaku, mai bisharar da ke koyar da mu, ya zo kan darasin aure da tsarki. Ya ce aure alkawari ne a gaban Allah, kuma ba a shiga sabuwar haihuwa da tsohon kaya a ɓoye cikin riga. Sannan ya rage murya ya ce, "Zunubi ba daga hannu yake farawa ba. Wanda ya zura ma mace ido har zuciyarshi ta ɗauke ta, wurin Allah ya riga ya aikata."

In kallo kaɗai haka yake, ni mai 'ya'ya uku fa?

A al'adarmu, kafin baftisma kowa sai ya tashi gaban jama'a ya zubar da abin da ke cikinsa. Wani ya furta shan burkutu. Wata tsohuwa ta kwance layar da ke ɗamararta aka ƙone. Ni kuwa na shirya jawabi mai kyau, da farko da tsakiya da bayani. Da na miƙe na ga idanu, tsoro ya cinye bayanin, ya bar mini gundarin.

Na ce, "Na yi zunubi da Saratu ɗiyar Baba Dogo. Ya fi shekara. Kullum a hanyar Kurfi."

Uwar Saratu ta dafe kai. Baba Dogo ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali.

"Malam, mi wanga yaro ya ce?"

A nan ne na gane ɓarnar da na yi. Na zo wanke kaina, na watsa wa yarinyar mutane ruwan dauɗar.

Malam Ishaku ya ɗaga hannu. "Yaro, ina kuke haɗuwa?"

"Ba mu taɓa haɗuwa ba, Malam."

"To ina aka yi zunubin?"

"A zuci, Malam, kamar yadda kuka koya mana." Da na yi shiru a nan, da da sauƙi. Amma mai neman tsarki ba ya rage komai, sai na ƙara da cewa, "Har da 'ya'ya uku."

Wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya, aka yi masa tsawa, mai tsawar ma ya kasa riƙe tasa. Malam ya juya ɓangaren mata. "Saratu, kin san shi?"

Ta dube ni, duban gaskiya, ba fushi ba raini, irin na mai son ya taimaka. Ta ce, "Ina dai ganin jakinshi yana wucewa."

Wannan ta fi sandar Baba Dogo zafi. Shekara guda muna aure, jakina kaɗai ta sani.

Bayan an tashi Malam ya ja ni gefe. Ya ce Allah yana da wurin ajiye asirin zuciya, mutane ba su da shi, kuma magana zarar bunu ce. Gaskiyarsa, don kafin azahar rabin maganar ya isa bakin rijiya, bayanin bai bi shi ba. Dattawa suka ɗage baftismata zuwa baɗi, suka sa na bi gida gida, na masu bi da na Musulmi, ina wanke sunan Saratu da bakina. Ranar baftisma ina bakin gaɓa a tsaye, ina kallon 'yan ajinmu suna fitowa daga ruwa, na yi kuka sosai. Maƙwabcinmu Malam Sale mai hatsi kuwa har ya rasu bai daina tambayata, "Ya yaran?" ba.

Da shekara ta zagayo aka nutsar da ni. Na ɗago, ruwa yana zuba daga idona, duniya ta yi wani irin haske, mata suna waƙa a bakin kogi. Saratu ce ke bayarwa, da lalle a ƙafa, amaryar wani malamin asibiti daga Dutsin-Ma. Shi ba a zuci ya tsaya ba, ya tura manyansa wurin Baba Dogo.

Ta ce, "Barka da sabuwar haihuwa, mai jaki."

Na sami tsarkin da nake nema, na kuma sami hankali, sai dai ya zo a makare. Abin da ya kamata in gaya wa Allah a ɓoye na gaya wa jama'a, abin da ya kamata in gaya wa Saratu kuwa, jaki na gaya wa.