Shafin da Darakta Ya Zaɓa

Allah ya yi wa layin masu katifa baiwa da mutum guda, kuma shi ne ya fara sanin haka. Sunan da ya raɗa wa kansa Babban Darakta. Maƙwabta kuwa Sha-Yabo suke ce masa, in ya ba da baya. Ofishinsa taku uku ne da rabi, amma kujerarsa mai juyawa ce, kuma a bango akwai hotunansa shida, kowanne yana nuna wani abu da yatsa, abin da har yau ba a gano ba. Bai taɓa ɗinka katifa ba. Ya dai kwanta a kan da yawa.

Masu ɗinkin suna ɗakin baya: yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya, da mata uku da ke taya ta. Wata biyu ke nan kekunansu a lulluɓe, ba aiki. Ana nan sai shugabar wata makarantar kwana ta aiko tana neman katifa sittin. Sharaɗinta ɗaya: a sa hotunan katifun da lambar waya a shafin intanet, ta nuna wa kwamitinta ranar Litinin. In aikin ya kuɓuce, matan nan uku sai gida.

Yaya ta ce, "Ƙanina, abin ai da sauƙi. Hoto uku da lamba."

Darakta ya juya kujerarsa sau ɗaya da rabi. "Yaya, ke allura kika sani, ni duniya na sani. Zaɓen kamfanin da zai gina wa mutum shafi kamar zaɓen suruki ne. Sai an yi bincike."

Kwana huɗu ana bincike. Kamfani na farko mai sauƙi ne, ko da waya ana gama shi kafin shayi ya huce. Laifinsa, kaya yake sawa gaba, hoton mai kaya kuwa can ƙasa, bai fi farcen babban yatsa ba. Darakta ya ce wannan na 'yan tebur ne. Na biyu har da wurin da mai saye zai yi oda, sai dai ya tambayi tsawon katifa da kaurinta. Darakta bai sani ba, tambayar Yaya kuma zubar da girma ne. Girman kai dai rawanin tsiya.

Na uku ne ya sace zuciyarsa. Bai tambayi katifa ba sam. Hoton mutum kawai yake so, da tarihin rayuwarsa. Hoton ya cika fuskar waya, an zagaye shi da baƙin gefe da fararen furanni, ga wani sauti mai sanyi yana tashi. A ƙasa akwai fili inda baƙi za su rubuta abin da suka sani game da mai shafin.

"Wannan kamfani," in ji Darakta, "ya san darajar ɗan Adam."

Akwai ƙananan rubutu a sama, amma manya ba sa karanta ƙananan rubutu. Akwai gurbin kwanan wata guda biyu. A na farko ya sa ranar haihuwarsa. A na biyu ya sa ranar Asabar ɗin nan, tunda ita ce ranar buɗe shafi. Ya aika wa duk wanda ke cikin wayarsa, sannan ya kashe wayar, don babban mutum ba a samunsa kai tsaye.

Yaya ba ta yi nisa a boko ba, amma ta taɓa zaman karɓar gaisuwar rasuwar miji. Da ta ga furannin nan sai ta ƙura musu ido.

"Ƙanina, anya wannan bai yi kama da..."

"Da na kowa ba! Shi ya sa na zaɓe shi."

Ta koma jan carbinta. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Ran Lahadi ya leƙo ɗakin baya da kwamfuta a hannu, yana karanto saƙonnin da suka yi masa daɗi, yana tsallake masu tsawo. "Ku saurara. 'Mutumin kirki ne.' 'Ba za a sake irinsa ba.' 'Ni dai na yafe masa.' To, wannan na ƙarshen ɗan hassada ne."

Litinin da hantsi sai ga shugabar makaranta da kanta. Darakta ya hango ta, ya faɗa ofis yana gyara zaman hula. Ita kuwa ta wuce ƙofarsa ta shiga ɗakin baya, wanda katako ɗaya ne ya raba shi da ofis. Ta kama hannun Yaya.

"Sannu da haƙuri, Yaya. Allah ya jiƙansa. Ba a faɗin aibin mamaci, amma shi ne ya sa nake ja da baya. Ya taɓa yin awa biyu a ofishina, ban ga ko ƙyallen katifa ba. Yanzu tunda ke ce da wurin, sittin ɗin naku ne."

Matan uku suka zuba wa Yaya ido. Shiru kawai za ta yi, aiki ya tabbata. Amma Yaya ba ta cin abinci da ƙarya.

"Ranki ya daɗe, yana nan da ransa. Ga shi can bayan katako, yana jin mu."

Kujerar Darakta ta daina ƙara. Shugabar ta dubi katakon, ta dubi ɗinkin da ke gefen wata katifa, ta ja zaren bai motsa ba.

"To, alhamdulillahi. Aikin dai naki ne, da sharaɗin in zan yi magana, da ke zan yi. Shi kuma a bar shi yadda yake a shafin. Ya fi kyau a haka."

Kafin azahar kekuna huɗu suna ta kuka. Darakta ya fito, ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga yatsa kamar a hoto.

"Kun gani? Shafina ne ya kawo ta."

Yaya ba ta ɗago daga ɗinki ba. "Gaskiyarka, ƙanina. Shekara goma kana raye ba ka sayar da ko matashi ba. Kwana biyu da rasuwarka, ga sittin."