Wayoyin da Na Haɗa wa Kawu Bulus

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe shagon intanet na Kawu Bulus a Gonin Gora ba, kuma Allah ya sani na yi ƙoƙarin in manta.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, ko'ina a gari maganar kafe ake yi, shagon da za ka biya ka zauna gaban kwamfuta ka aika imel. Kawu yayan mahaifiyata ne. Masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri tun yana saurayi ta sallame su, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa kaf ya sayi kwamfutoci na hannu. Mama ce ta taka har gidansa ta ce, "Yaya, me zai sa ka kira bare? Ga ɗanka ya gama makarantar kwamfuta." Kawu ya yarda in ja masa wayoyin, ya kuma ce in an buɗe ni ne manaja.

Makarantar da Mama take alfahari da ita ɗaki ɗaya ce a saman bene a Sabon Tasha, da kwamfuta biyu rak. A nan malaminmu, Oga Fidelis, ya koya mana haɗa wayar da kwamfutoci ke magana ta cikinta. Ka fere bayanta, sai ga 'yan sirara takwas masu launi daban-daban a murɗe bibbiyu. Ka warware su, ka jera, ka datse bakinsu daidai, ka zura cikin kan roba, ka matse da filaya. "Gefe ɗaya ruwan goro ne a gaba, ɗaya gefen kore ne a gaba," in ji shi. Muka haddace kamar addu'ar cin abinci. Ka soka wannan kai a kwamfuta ɗaya, wancan a ɗayar, nan take su gaisa.

Haka na yi wa Kawu, waya bayan waya, daga kowace kwamfuta zuwa hob, wato ɗan akwatin da duk wayoyin ke taruwa a cikinsa (ban taɓa riƙe irinsa ba sai a shagon, amma ban faɗa wa kowa ba). Na auna kowace cif, ban bar rara ba, na bi bango na kafe su tsaf. Taransifomar unguwar ta ƙone, janareta kuma sai safiyar buki za a kawo.

"Ba za a nemi yadda za a gwada ba?" in ji Kawu.

"Haba Kawu, wannan aikin ko ido a rufe zan yi shi."

Ranar Asabar aka kafa rumfa, aka jera kujerun haya. Fasto ya yi addu'a, matan zumunta suka yi waƙa, Mama na gaba-gaba. Sabon kansilanmu ya iso da babbar riga da 'yan rakiya. Oga Fidelis ma ya zo, kuma ni da ƙafata na kai masa gayyata, don ya ga abin da ɗalibinsa ya zama.

Aka tayar da janareta. Kansila ya yanke kirtani, ya zauna zai aika imel na farko. Shiru. Aka mayar da shi kwamfuta ta gaba. Shiru. Na leƙa hob, fitilun da ya kamata su riƙa ƙiftawa duk a mace. Na ce ƙila daga masu intanet ne, amma babbar kwamfutar da layin ya shigo ta kanta tana buɗe komai lafiya lau. Na shige ƙarƙashin tebur da sabon kwat ɗina, ina zarewa ina sokawa, gumi na ɗiga daga hancina.

Sai na ga takalman Oga Fidelis sun tsaya a gabana. Ya ɓalle waya ɗaya daga bango, ya haɗa kawunanta biyu ya ɗaga wa haske, ya fashe da dariya.

"Wa ya yi wannan aika-aika? Ai kuros ce! Kwamfuta da kwamfuta kai tsaye ake sa ta. In da hob a tsakani, gefe biyun iri ɗaya ake jerawa. Kai, duka haka ka yi?"

Na fito da rarrafe. "Oga, ai haka ka koya mana."

"Ni? A makarantata? Yaro, kada ka ɓata min suna."

Mai gabatar da taron na tsaye kusa da shi riƙe da makirfon a kunne. Har masu sayar da doya a bakin titin Abuja sun ji.

Kansila ya miƙe ya gyara riga, ya dubi Kawu. "Baba, ashe ba a gama aiki ba aka kira mu?" Ya fita, rabin rumfar ta bi shi. Na hango Mama ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Kawu bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Ya daɗe yana kallon kwamfutocin nan, sannan ya ce, "Je ka taya su tattara kujeru."

Oga Fidelis aka bai wa gyaran. Da ya yanke kawunan zai sake, wasu wayoyin suka gaza kaiwa, dole Kawu ya sake sayen sababbi. Kujerar manaja kuma ƙanin Oga ya hau. Har Kawu ya rasu muna gaisawa, amma ko fitilar gidansa ta mutu wani yake kira.

Abin da na koya shi ne, duk wanda ya koya maka abu, tambaye shi inda abin ba ya aiki, tun kuna ku biyu a ɗaki, don a gaban jama'a ba zai san ka ba. Abin da ya fi ci min rai kuwa, na'urorin yanzu da kansu suke gane kuros su daidaita, ko ƙorafi ba sa yi. Da yau na yi wannan shirmen, tafi za a yi min.