Ƙullin Sarkin Rumbu Jatau

A wani daji mai jar ƙasa, akwai wani suri da gararsa ke da doka ɗaya tak. Kowace gara ana haihuwarta da ƙullin magani a wuya. In ruɓa ta kama ta, mai duba ta shaida, mai kwancewa ya kwance ƙullin, ita kuma ta sha maganin da kanta ta kwanta ta mutu, masu shara su kwashe, ciwo bai yaɗu ba.

Kyallu ce mai duba. Ran nan ta tarar da ruɓa ta cinye rabin cikin Sarkin Rumbu Jatau. Ta san in ya ƙara kwana bakwai, duk surin zai kamu.

Ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, lokaci ya yi."

Jatau ya gyara zama. "Madalla, 'yar nan! Wannan doka ni na tsaya aka kafa ta. Gara dubu na raka da hannuna. Sai dai komai da tsarinsa. A kira mai kwancewa."

Mai kwancewa ya zo, ashe ɗan Jatau ne. Ya ce ƙullin Baba ya cije, sai an kafa kwamiti.

Kyallu ta ruga majalisa. Kujera tara, bakwai 'ya'yan Jatau ne, kowanne da ɗan tabon ruɓa, kowanne ya tura ƙullinsa bayan wuya.

Kyallu ta ce, "Jama'a, ku duba cikin Jatau mana! Wari fa yake!"

"Ƙamshin ƙwarewa ne," in ji shugaban majalisa. "Ke dai, Malama, kwanan nan idonki na ganin abin da babu. Anya ba ruɓa ba ce?"

Aka kaɗa ƙuri'a, aka yanke cewa Kyallu ce mai ruɓa. Wannan karon ƙulli bai cije ba ko kaɗan. Kyallu ta dube shi a tafin hannunta, ta dubi ƙofa. Ta tuna ita ma mai bin doka ce, kuma kash, ita kaɗai ta rage. Ta sha. Jatau da kansa ya yi jawabin yabon biyayyarta, har da hawaye.

Daga nan babu wanda ya sake mutuwa a gidan Jatau. Suka yi ta haihuwa, suna ƙara ɗakuna, har rumbu ya kumbura ya fi sauran surin girma.

Har yau dabbobin da ke wucewa sukan tsaya su yaba tsayin ginin. Sun dai daɗe ba su ga mai fitowa ba.